An Bugar Maka Mota, Ka Ce Ka Yafe: Wa Ka Yafe Wa?

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a Sakkwato ya san yadda abin yake kasancewa. Ƙara za ka ji, gwaf, sai 'yan kabu-kabu su yi cirko-cirko, masu agwagwa da buje su leƙo, kafin ka buɗe ƙofa jama'a sun kewaye motocin biyu. Ba a minti biyar wani dattijo zai ratso taron ya dafa kafaɗarka ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ƙaddara ta. Tunda ba a rasa rai ba a gode ma Allah. Ku gama nan, kar a kai ga hukuma."

Haka aka yi wa yayana, ɗan baffana, malamin firamare, a kusa da shataletalen Gidan Man Ada. Wata motar ɗaukar kaya ta daki bayan tsohuwar motarsa, but ya lotse, danja biyu suka tarwatse, bamba ta sauko tana jan ƙasa. Yaron da ke tuƙin ya fito jikinsa na ɓari yana cewa, "Baba, don Allah don Annabi. In maigidana ya ji, aikina ya ƙare." Yaya ya dube shi, ya dubi motarsa, ya ce, "Tahi, Allah shi kiyaye gaba." Ya ɗaure bambar da igiya ya lallaɓa gida. Wata huɗu motar ta yi a ƙofar gida lulluɓe da tamfol, yana hawan kabu-kabu zuwa makaranta, sai da ya kwashi adashi sannan ta ga gareji.

Ina fata Allah ya ba shi ladan wannan tausayi. Amma abin ya daɗe yana ci mini rai, domin a cikin fatikular waccan mota akwai takardar inshora. In har ta gaskiya ce, to akwai kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi a hannun mai motar a kan alkawarin cewa duk ranar da motar ta yi wa wani ɓarna, shi zai biya. Yaya ya ɗauka yaron ya yafe wa. Yaron kuwa dama ba shi ne zai biya ba. Wanda ya tsira da kuɗinsa a ranar shi ne kamfanin da bai ma san an yi hatsarin ba.

Tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa dokar da ta hana a hau titi da mota a Nijeriya ba tare da inshorar da ke kare sauran jama'a ba, wadda direbobi ke kira tad-fati. Shekaru masu yawa ana biyan naira 5,000 a kan ƙaramar motar gida, kamfani kuma ya ɗauki nauyin ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. A ƙarshen 2022 hukumar da ke sa ido a kan harkar inshora, NAICOM, ta sauya farashin, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida ta koma naira 15,000 a shekara, iyakar abin da kamfani zai biya na dukiya ya koma naira miliyan 3. Tirela da manyan motocin dakon kaya naira 100,000, iyakarsu miliyan 5. Agwagwa da buje naira 5,000, iyaka miliyan 2. Babur naira 3,000, iyaka miliyan 1. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, suka tsananta binciken takardar a kan hanya, a watan Agustan shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyara harkar inshora da ta maye gurbin ta 2003.

Lokacin da aka ninka kuɗin sau uku an yi ta ƙorafi a tashoshi da majalisu, kuma ƙorafin yana da tushe. Abin da ban ji ana faɗa ba shi ne ɗaya ɓangaren: hakkin wanda aka buge shi ma ya ninka sau uku. Wannan inshora ba ta gyara motar wanda ya saye ta. Ko motarsa ta yi raga-raga, kamfani ba zai ba shi ko kwabo ba. An yi ta ne domin wanda ya buge, wato kai, ko ɗan kabu-kabun da ya kaɗe, ko mai shagon da motar ta afka wa rumfa. Takardar tana cikin motarsa, amma amfaninta naka ne.

Sai dai a nan ne mutane ke yin kuskure na biyu. Wanda ya gane yana da hakki sai ya ɗauka da zarar ya je ofishin kamfanin za a tarbe shi hannu biyu. Kamfanin nan ba naka ba ne. Ba ka taɓa biyansa sisi ba, ba ku ƙulla komai da shi ba. Yarjejeniyarsa tana tsakaninsa da wancan direba ko mai motar, ma'aikatansa kuma albashinsu na tsare kuɗin kamfani ne. Ba sai sun yi maka mugunta ba, aikinsu ne su tambayi shaida a kan kowace naira, duk wadda ba ka kawo wa shaida ba kuma su cire ta.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kana buƙatar mutumin da ya buge ka. Shi ne zai sanar da kamfaninsa cewa an yi hatsari, shi zai cike fom, shi zai miƙa kwafin lasinsa. Takardun inshora suna sharɗanta masa ya sanar da wuri, ba bayan watanni ba, suna kuma hana shi amsa laifi a rubuce ko ƙulla sulhun kuɗi ba tare da sanin kamfanin ba. Saboda haka wanda ya shaƙe wuyan rigar direba a bakin titi ya tilasta masa rubuta "laifina ne, zan biya," yana iya ɓata wa kansa hanya, domin kamfani zai iya cewa mutuminsa ya saɓa sharaɗi. Zagi da cin kwala ba su ƙara maka komai. Ka lallaɓa shi, ka nuna masa cewa hanyar inshora ita ce wadda za ta hutar da aljihunsa. Mafi yawan direbobi ba su san haka ba, kuma idan suka gane, su ne kan gaba.

Na ga wannan da idona ranar da abin ya zo kaina. A baifas ta yamma, wajen Arkilla, wani Alhaji ɗan kasuwa, sa'an mahaifina, ya fito daga wani layi bai tsaya ba ya shigi ƙofar gabana ta dama. Babu wanda ya ji ciwo. Da muka natsu na ce, "Alhaji, don Allah in ga takardar inshorarka." Ya buɗe akwatin gaba ya zaro wata leda, a ciki takardu ne da zafin mota ya sa suka yi ja, gefensu ya naɗe. Ya miƙo mini yana cewa, "Wagga takarda? Ai ta 'yan sanda ta, ɗana. Kullum shekara yaro na kawo min ita. Ban san tana biyan kowa ba." A gabansa na danna *565*11# a wayata, na sa lambar motarsa. Sai ga sunan kamfani da ranar da inshorar za ta ƙare sun fito, daidai da abin da ke jikin takardar. Alhaji ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce, "Ashe kuɗɗin ga ba banza nika ba da su ba."

Wannan lamba ta rumbun bayanan inshora ce, NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya, NIA, ke kula da shi, ana kuma iya dubawa a shafinsu na intanet, askniid.org. Ka duba tun kuna wurin, domin takardun bogi sun yi yawa. Mutum zai ba wani ɗan tsakani kuɗi a bakin ofishin lasin, a haɗo masa fatikula har da inshora mai tambari, alhali kuɗin bai taɓa isa wani kamfani ba. Shi kansa mai motar bai san ta bogi ce ba. Idan lambar motar ba ta fito ba, ka kira kamfanin da ke rubuce a takardar ka karanta musu lambar inshorar, don wani lokaci jinkirin shigar da bayani ne. In suka ce ba su san ta ba, to babu kamfani a maganar, kai da mai mota ne.

Amma kafin duk wannan, rai ne farko. Idan akwai wanda ya ji rauni, a kira hukumar kiyaye haɗurra a 122, ko a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Bayan nan sai hoto, kuma kafin a matsar da motocin. Jama'a za su matsa muku ku gyara hanya, suna da gaskiya, amma minti biyu sun isa. Ka ja baya ka ɗauki motocin biyu yadda suka tsaya, har da kwana ko shataletalen da abin ya faru. Ka ɗauki sawun birki a kwalta, da inda gilashi ya zube, domin nan ne ainihin inda aka haɗu. Ka matso ka ɗauki lambar motarsa, da ɓarnar kowace mota, da lasinsa, da takardar inshorar gaba da baya. Da zarar an janye motoci gefe, labari ya zama na baki, baki kuwa yana juyawa idan aka kwana.

Wajen shaidu, kada ka dogara da 'yan kallo masu wucewa. Nemi wanda wurin ne wurin sana'arsa: mai faci, mai shayi, mai sayar da katin waya, 'yan kabu-kabun da ke tsayawa a wannan kwanar. Su ne za ka dawo bayan mako biyu ka tarar. Ni mai facin da ke ƙarƙashin wata dogonyaro ne ya tsaya mini.

Sai maganar da kowa ke gudu, 'yan sanda. Na san dalilin gudun. Mutum yana tsoron a riƙe motarsa kwanaki a caji ofis, rana ta gasa ta, ya yi ta zirga-zirga, ya kashe abin da bai shirya ba. Wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba. Duk da haka, idan ɓarnar ta wuce ƙujewar fenti, musamman in akwai rauni ko gardama a kan mai laifi, rahoton sashen 'yan sanda mai kula da haɗurran mota shi ne ƙashin bayan buƙatarka. Su ne ke auna wuri su zana taswirar yadda abin ya faru, jami'an VIO kuma su duba lafiyar motocin. Ma'aikacin kamfani da ke zaune a Legas bai san Arkilla ba, bai san kai mutumin kirki ne ba, takardar nan kawai ya sani. Ka tabbata ka karɓi kwafin rahoton, ka karanta shi kafin ka bar wurin, domin kuskuren lamba ɗaya a lambar mota yana iya tsayar da fayil wata guda.

Daga nan sai ka rubuta takardar neman hakkinka, da Ingilishi, tunda da shi kamfanonin ke aiki. Ba ta buƙatar kwalliya: rana da lokaci da wuri, lambobin motocin biyu, lambar inshorar, yadda abin ya faru a layi huɗu ko biyar, ɓarnar da aka yi, da kuɗin da kake nema. Ka haɗa hotuna, rahoton 'yan sanda, kwafin fatikularka da lasinka, da ƙiyasin gyara daga gareji a kan takarda mai suna da lambar waya, kowane kaya da farashinsa, kuɗin aiki daban. Kwafi ɗaya ga mai motar, ɗaya ga kamfanin. Galibin kamfanonin hedikwatarsu tana Legas, ofishin da ke nan, in ma akwai, na sayarwa ne, ba shi ke yanke hukunci ba. Don haka in ka kai da hannu, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, sannan ka sake turawa ta imel zuwa sashen biyan diyya, ka nemi lambar fayil. Duk abin da aka faɗa maka a waya, ka bi shi da saƙo a rubuce: yau mun yi magana da wane, ya ce kaza. Alkawarin waya ba ya shiga fayil.

Inda aka fi yin asara shi ne gaggawar gyara. Mota abin nema ce, mutum ba ya son ganin ta a ajiye, sai ya kai ta Buzaye washegari a buge a fesa fenti, sannan ya je da rasit. Kamfani zai ce bai ga ɓarnar ba, ba zai biya abin da bai gani ba. Dole ka jira su turo injiniyansu ko mai tantance asara, ko su ba ka izinin gyara a rubuce. Nawa ya zo bayan kwana goma sha ɗaya. Ya zagaya motar da ƙaramin littafi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa ƙofar baya da ɗan makulli ya saurari sautin, ya ce nan akwai tsohuwar fila, wato cikon da ake yi wa lotsawa kafin fenti, wannan lotsawar ba ta ranar ba ce. Gaskiyarsa ce, kuma bakaniken da ya rubuta mini ƙiyasi ya cusa ta ciki don ya taimake ni. Wannan taimako ya kusa jawo mini, domin da mutumin ya kama abu ɗaya, sai ya shiga zargin sauran. Kada ka yarda a ƙara ko kusa ɗaya da ba ta cikin hatsarin. Ban da haramcin abin, ƙarya guda tana iya rusa buƙatar gaba ɗaya.

Ka fahimci ma'aunin da yake aiki da shi. Inshora tana mayar da kai inda kake kafin hatsari ne, ba ta kai ka gaba da nan. Idan fitilarka ta shekara goma sha biyar ce ka rubuta kuɗin sabuwa dal a kwali, zai zabtare wani kaso ya ce an inganta maka mota. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka nemi farashin kayan Beljiyam masu kyau, daidai da shekarun motarka, daga masu sayar da kayan gyara biyu ko uku, kowanne a rubuce. Ƙiyasina na farko naira 820,000 ne. Suka aiko tayin 540,000. Ban karɓa ba, ban kuma yi faɗa ba. Na nemi su nuna mini abin da suka cire ɗaya bayan ɗaya, na amince da cire ƙofar baya, na aika musu takardun farashin ƙofar gaba da madubi daga shaguna uku, domin farashin da suka yi amfani da shi na tun kafin kaya su tashi ne. Muka tsaya a 690,000. Tayin farko ba hukuncin alƙali ba ne, ana mayar da martani a kansa.

Kuɗin janwe ma yana shiga idan akwai rasit. Wanda abin hawansa na haya ne yana da damar neman abin da ya rasa a kwanakin da ya yi a ajiye, amma sai da shaida, kuma a nan littafin balas da ake rubutawa kullum yana da daraja fiye da rantsuwa.

Idan kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar, za su ce ta mutu. Sai su ƙiyasta abin da za a saye ta a kasuwa kwana ɗaya kafin hatsarin, su biya wannan, su ɗauki gawar motar, ko su bar maka ita su cire kuɗinta. A nan ne iyakar miliyan 3 take ciwo, domin a farashin yau mota 'yar Kwatano mai ɗan kyau ta wuce haka nesa. Kamfani ba zai ƙetare iyakarsa ba. Ragowar tana wuyan wanda ya yi ɓarnar, kuma idan direban yaron gida ne da ke kan aikin maigidansa, doka tana kama maigidan. Wannan ne ya sa tun a wurin hatsari ya kamata ka san sunan da ke kan fatikula, kada ka tsaya a kan wanda ke riƙe da sitiyari.

Kafin kuɗi su shigo za a ba ka takardar sallama ka sa hannu. Ma'anarta ka karɓi wannan a matsayin biya na ƙarshe, ba za ka sake neman komai ba. Ka karanta ta da kyau, ko ka ba wanda ya iya ya karanta maka. Idan asararka ta wuce iyakar kamfani kuma kana da niyyar bin mai mota ragowar, kada ka sa hannu a kan lafazin da ya sallami kamfanin da mai motar a haɗe sai lauya ya gani.

A kan rauni kuwa hattarar ta fi haka. Iyakar miliyan 3 ta dukiya ce, rauni da rasa rai ba sa cikinta, lissafinsu daban ne. Ciwo kuma ba ya nuna ƙarshensa a makon farko. Ɗan kabu-kabun da ya karye a cinya zai iya ɗauka wata biyu ne, ya karɓi abin da aka ba shi ya sa hannu, daga baya a ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. A lokacin ƙofa ta rufe. Kada a sa hannu sai likita ya rubuta inda ciwon ya tsaya da abin da ya bari. Ga kuma wata matsala tamu ta nan: da yawanmu wajen mai ɗori muke nufa kai tsaye. Ba ina raina masu ɗori ba, akwai gwanaye a cikinsu da suka gaji sana'ar. Amma ba sa ba da rasit, ba sa rubuta rahoto, kamfani kuma ba ya karɓar "kowa ya san ya karye." Ko da can za a ƙare, a fara zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko asibitin ƙashi na Wamakko, a ɗauki hoton ƙashi, a buɗe kati, a adana kowane rasit na magani.

Na san akwai wanda tun ɗazu zuciyarsa ke cewa, to ai inshora ma akwai magana a kanta. Gaskiya ne, malamai da yawa suna ganin inshorar kamfanoni akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba a cikinta, shi ya sa aka samar da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful kuma suna sayar da na mota. Mai saye yana da zaɓi. Amma wanda aka buge ba shi ya ƙulla cinikin ba. Abin da yake nema ramuwar ɓarnar da aka yi masa ce, kuma a fiƙihun da muka tashi a kai, wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, da gangan ne ko bisa kuskure. Ko a kisan kuskure, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamaci sai in su suka yafe, shari'a kuma ta ɗora nauyinta a kan dangin wanda ya yi kuskuren don kada ta murƙushe mutum ɗaya. Yafiya hakkin mai hakki ce. Abin da ke sosa mini zuciya shi ne yadda a zaman makoki wani kawu zai miƙe ya ce "mun yahe" a madadin matar da aka bari da marayu biyar, ba a tambaye ta ba, ba a kuma gaya mata akwai kamfanin da doka ta ɗora wa biya ba. Ana iya yafe wa direba a ce kada a ɗaure shi, kada a taɓa gonarsa, a kuma bar marayu su karɓi abin da ke hannun kamfani. Wanda ke da shakka ya kai wa malaminsa tambayar da cikakken bayaninta.

Kamfani yana iya ƙin biya, kuma wasu dalilan nasa suna da ƙarfi. Inshorar ta ƙare kafin ranar. Ba a biya kuɗinta ba, ƙa'idar kuwa ita ce in babu biya babu kariya. Direban ba shi da lasin. Ko motar an yi mata inshorar gida alhali lodin fasinja take yi zuwa Illela ko Tambuwal, wanda ya zama ruwan dare a tashoshinmu. Ko sun ce kai ma kana da kaso a laifin, su nemi rage kuɗin daidai da haka. Kowanne ne, ka ce a ba ka shi a rubuce. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan takardar sallama, ko ya rubuto dalilin ƙinsa, sabuwar dokar kuma ta ƙara matsa musu a kan biya da wuri. Idan aka koma yi maka gobe-jibi, ka rubuta wa shugaban kamfanin, ka ba da wa'adin mako biyu. In shiru, ka kai ƙara sashen koke na NAICOM, wadda hedikwatarta ke Abuja, tana kuma da ofishin shiyya a Kano, ko sashen koke na NIA. Ba a biyan kuɗi, kuma kamfani ba ya son sunansa ya yawaita a teburin hukumar da ke riƙe da lasisinsa. Kotu ita ce ta ƙarshe. Wanda za ka kai ƙara shi ne direba da mai mota, amma lauyanka ya sanar da kamfanin a rubuce tun kafin a shigar, domin rashin sanarwa a kan lokaci yana iya ba shi hanyar zamewa daga biyan abin da alƙali ya yanke.

Mai cikakkiyar inshora a kan tasa motar ya huta da mafi yawan wannan. Nasa kamfanin zai gyara masa, sannan ya bi ɗaya kamfanin da kansa. Idan kuma motar da ta buge ka mai lambar wata ƙasa ce, abin da ba baƙo ba ne a jihar kan iyaka irin tamu, ka ɗauki hoton katin inshorar ƙetare iyaka da ke hannunsa. Tsarin katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982, don irin wannan aka yi shi, kuma ta ofishin tsarin na Nijeriya ake bi.

Daga ranar da Alhaji ya shigi ƙofata zuwa ranar da alat ya shigo, mako tara aka yi. Sau biyu fayil ɗin yana tsayawa, sau ɗaya don ba a ga kwafin lasinsa ba, sau ɗaya don wanda ke riƙe da shi ya tafi hutu. A duk biyun Alhaji ne ya ɗaga waya ya kira su da kansa, tunda shi ne mai ciniki da su, maganarsa ta fi tawa nauyi a wurinsu. Da aka gama na je shagonsa na yi masa godiya, na tarar ya tara fatikular motocinsa uku na kaya a kan tebur, yaronsa yana danna lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun fito. Ta ukun, wadda ke zuwa kasuwannin ƙauye kullum da yara biyu a baya, ba ta fito ba, kuma da suka kira kamfanin da ke jikin takardar aka ce ba a san lambar ba. A ranar ya ce a ajiye motar sai an sayo ta gaskiya.